Ranar da Na Karanta Sawun Baba Daga Ƙarshe

Ina tsakiyar darasi, ina nuna wa ɗaliban aji biyar yadda ake ajiye fayil a kwamfuta, wayata ta fara kuka a cikin jaka. Na ƙyale ta. Ta katse, ta sake ɗauka. Da na leƙa na ga Inna ce, sai na ce wa ɗaliban su ci gaba da abin da ke allo, na fita baranda.

"Babanku ba ya gidan nan," in ji ta, ko gaisuwa babu.

"Kin duba zaure?"

"Na duba zaure, na aika masallaci, na leƙa maƙwabta. Kokonsa ma yana nan inda na ajiye, har ya huce."

"Tun yaushe?"

"Ina zan sani? Ni duk zatona yana ƙofar gida yana shan hantsi."

A lokacin mantuwa ta daɗe da kama Baba. Jikinsa ƙalau yake, ƙafarsa ma ta fi ta wasu samari sauri, amma kansa ya fara sakin abubuwa. Sunayen jikoki ne suka fara tafiya, sai ranakun mako, sai hanyar gida. An taɓa tsinto shi a tashar motar Makarfi yana jiran wata mota da ba ta ƙara bin hanyar ba tun ina yarinya. An kuma taɓa dawo mana da shi daga bayan asibiti. Bayan wannan ne na sayi wata ƙaramar waya, na sa mata manhajar da ke aika inda take, na roƙi Inna ta riƙa jefa ta a aljihun rigarsa kowace safiya.

Ni malamar kwamfuta ce a wata sakandare a Makarfi, kuma a shekarar ina wani kwas ta intanet kan sarrafa saba, wato kwamfutar da ke can nesa wadda ake ba ta umarni a rubuce. Ina da wata 'yar ƙarama da nake gwaji a kanta, sai na haɗa wayar Baba da ita. Bayan kowane ɗan lokaci wayar takan aika layi guda: lokaci, da lambobi biyu masu nuna wuri a taswira. Sabar kuma ta liƙa layin a ƙasan wani fayil da na sa wa suna sawu.txt. Tsohon layi yana sama, sabo yana ƙasa. Makonni ke nan fayil ɗin yana tsawo, ban taɓa buƙatarsa da gaske ba.

A nan barandar na buɗe baƙin allon umarni a wayata, na shiga sabar, na buga tail sawu.txt, umarnin da ke nuna wutsiyar fayil kawai. Layin ƙarshe ya fito a gutsure, lokacin yana nan amma lambar wurin ta yanke a rabi. Na ɗauki wanda ke samansa na zuba a taswira. Ɗigon ya tsallake Makarfi gaba ɗaya, ya je ya sauka a Ikara.

Na goge, na sake kwafa, na sake zubawa. Ikara dai.

Ban tuna abin da na ce wa shugaban makaranta ba. Na dai tuna na bar alli a aljihuna, na kira Yaya ina sauka daga matakala. Shi ne babba a ɗakinmu, yana da shagon gyaran injin ban-ruwa a Kudan, kuma maigidana yana Zariya wajen aiki, ba zai iso da wuri ba.

"Ikara kuma? Me zai kai shi Ikara?" Ina jin ƙarar guduma a bayansa. "Kin tabbata abin nan naki ba ƙarya yake yi ba?"

"Yaya, ka taho kawai."

"Ki jira ni a gida. Kada ki motsa."

Jiran nan ya fi komai wuya. Na shiga ɗakin Baba na fito. Na ɗaga tabarmarsa kamar zan same shi a ƙarƙashi. Na zauna kan turmi, na miƙe, na je ƙofar gida, na dawo. Inna tana tsinke zogale a faranti, amma na lura ganyen da sandunan duk waje ɗaya take zubawa. Kowane ɗan lokaci sai na sake buga tail, ko sabon layi zai shigo. Babu. Gutsurarren layin nan ne dai yake kallona. Matan maƙwabta suka fara shigowa, kowace da labarin wani tsoho da ya taɓa ɓata, wasu labaran ba su ƙare da daɗi ba. Na kira wayar Baba, aka ce a kashe take. Da na ji kukan babur ɗin Yaya a lungu, ban bari ya kashe shi ba, na fita na hau.

"Ku kira ni ko me kuka gani," Inna ta ce daga zaure. "Ko me kuka gani."

Ƙarshen lokacin saran rake ne, zafi ya fara shigowa. Hanya cike take da motocin da aka lafta wa rake har suna karkata, Yaya yana ratsa su yana danna ham. Ni kuwa idona yana gefen titi. Duk tsohon da na hango da farar riga sai na dafa kafaɗar Yaya, ya rage gudu, mu duba, ba shi ba ne. Bayan na yi haka sau da dama ya juyo da kai ya ce, "Ke, ko dai Ikara za mu, ko dai mu tsaya gaida tsofaffin hanya. Zaɓi ɗaya." Na janye hannuna daga kafaɗarsa. Muka wuce mararrabar Gubuchi da gudu, ban ko kalli wajen da kyau ba.

Ɗigon taswira ya kai mu wani fili a bakin garin Ikara, inda ake sauke rake. An riga an yi azahar. Motoci a jere, 'yan dako suna ta kai da kawo, ƙudan zuma sun cika wurin. Muka raba hanya, ni dama, Yaya hagu, muna tambaya: dattijo dogo, siriri, farar riga mai aljihu a gefe, hula ruwan ƙasa. Mai rake ya ce bai gani ba. Mai shayi ya ce tsofaffi da yawa sun wuce. Wata mai abinci ta ce in zauna in sha ruwa, fuskata ta canza. Ban zauna ba.

Sai na ji Yaya yana kirana daga bayan wata tsohuwar mota mai bodin katako. Yana tsaye da wani mutum mai ƙiba, direban motar, kuma a hannun Yaya akwai rigar Baba. Na gane ta tun daga nesa, saboda facin da Inna ta yi mata a wuya. Ya zura hannu a aljihun, ya ciro wayar, ya miƙo mini. Batir ya mutu.

"Ga babanki," in ji shi. "Waya muka biyo tun daga Makarfi."

Na jingina da tayar motar. Direban ya ga halin da nake, ya sassauta murya.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Wallahi a rataye na same ta a jikin katako, da muka gama sauke kaya. Na zaci ta ɗaya daga cikin masu lodi ce, na ajiye ta a gaban mota."

"Malam, a ina kuka yi lodi?"

"Ai ba waje ɗaya ba ne. Yau tsince-tsince na yi. Na fara daga wajen Gazara, na bi gonaki har bayan Gubuchi, nan kaɗan, can kaɗan, har mota ta cika."

"Ba ka ga wani dattijo ba?"

"Ni in ana lodi ba na tsayawa a kai. Inuwa nake nema."

Yaya ya ce mu koma mu bi gonakin ɗaya bayan ɗaya, daga Gazara. Direban ya girgiza kai, ya ce kafin mu gama rabinsu rana ta faɗi, wasu ma babur ba ya shiga sai an sauka. Suka shiga lissafa hanyoyi, wannan ya ce ta gada, wannan ya ce ta bayan makaranta. Ni na bar su na matsa gefe, don wani tunani ya fara zuwa mini, ina tsoron kada surutu ya kore shi.

Wayar ta zo Ikara a mota. Amma kafin ta hau mota, a jikin Baba take, tana tafiya da ƙafarsa. Tafiyar mota da tafiyar ƙafa kuwa ba za su yi kama a fayil ba. A mota lambobin za su riƙa tsalle daga layi zuwa layi, a ƙafa kuma sai dai su ja jiki kaɗan-kaɗan. Abin da nake nema shi ne wuri na ƙarshe da wayar ta yi tafiyar ƙafa. Can ne Baba ya tuɓe rigarsa.

In na fara daga safiya, ban san lokacin da ya fita ba, ban kuma san hawa da sauka nawa ya yi a hanya ba. Daga ƙarshe ya kamata in fara, in yi ta komawa baya har in ci karo da wurin. Na buɗe fayil ɗin na je ƙasansa, na fara turawa sama da babban yatsa. Sabis ɗin wurin kuwa kamar ana ɗiga shi da cokali. In tura, allon ya daskare, in sake turawa, sai ya zabura ya wuce inda nake. Ga kuma rana tana dukan gilashin. Idona ya saba karatu daga sama zuwa ƙasa, sai in kama kaina ina bin layukan ta hanyar da suka zo, in rikice, in rasa wanne ya riga wanne. Na zagaya bayan mota, na dawo, na hau kan wani tudun ɓawon rake ina ɗaga waya sama. Mutane suka fara kallona.

A kan tudun nan na tuna da tac. A kwas ɗinmu an koya mana cat, umarnin da ke zubo fayil daga layin farko zuwa na ƙarshe. Sai malamin ya ce akwai ɗan'uwansa da ke yin akasin haka, an ma juya sunan ne kawai, cat ya koma tac. Ranar dariya na yi, na ce a raina masu kwamfuta ba su da aikin yi, wa zai so ya karanta fayil a juye. Ban sake waiwayarsa ba.

Na tsuguna na yi wa allon inuwa da mayafina, na buga a hankali:

tac sawu.txt > baya.txt

Alamar da ke tsakiya tana nufin a zuba sakamakon cikin wani fayil. Na duba sunan na biyu har sau biyu kafin in danna, don an ja mana kunne sosai a kan wannan. In ka ba shi sunan fayil ɗin da kake karantawa, kwamfuta takan fara share shi tas don ta shirya wurin zubawa, kafin tac ya karanta ko layi ɗaya. Da sai a wayi gari ba sawu, ba baya. Na danna. Bai ce komai ba, ya dawo mini da wurin rubutu, haka yake yi in aiki ya yiwu. Na buga less baya.txt don ya riƙa nuna mini shafi-shafi.

Layin farko ya fito a hargitse, dogo, lokaci biyu a cikinsa. Na ce shi ke nan na ɓata. Sai na sake dubawa na gane. Gutsurarren layin nan ne, wanda batir ya mutu yana tsakiyar aikawa. Bai samu alamar rufe layi ba, shi ya sa da aka juya ya manne da na kusa da shi. Na tsallake shi. Sauran duk lafiya lau, kowanne a mazauninsa, sabo a sama, kuma duk layin da na sauka ina ƙara komawa baya ne cikin yinin Baba.

"Yaya! Malam direba! Ku zo."

Suka zo suka tsaya a kaina, inuwarsu ta taimaka wa allon. Layukan farko lamba ɗaya suke maimaitawa, motar tana tsaye a nan filin. Sai suka fara tsalle, wannan titi ne. Can suka tsaya cik. Na kwafi lambar na zuba a taswira, ta ɗauki lokaci tana juyi kafin ta buɗe, na nuna wa direban.

"Nan ne na ƙarshe da na yi lodi. Ɗauri kaɗan ne."

Na ci gaba da sauka. Kafin wannan tsayuwar tsalle ne, ashe rigar ta riga ta hau mota. Wata tsayuwar kuma, kafin ita ma tsalle. Yaya yana ta sauya ƙafa, yana kaɗa makullin babur a yatsa.

"Ki yi sauri mana."

"Ba ni ba ce, sabis ne."

Sai ga wata doguwar tsayuwa, ta cinye shafi guda har da ɗori. Na danna shafi na gaba, na jira, na jira. Da ya buɗe, lambobin ba su yi tsalle ba. Wutsiyarsu kawai ke canzawa, kaɗan, kaɗan, wani wurin ma su tsaya su sake motsawa. Na san tafiyar nan. Haka Baba yake yi, ya yi taku ya tsaya ya duba wani abu a ƙasa.

Na zuba lambar doguwar tsayuwar a taswira. Direban ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da ido.

"Fadamar bayan Gubuchi ce. Gona ta biyu da na shiga ke nan. Na bar su suna lodi na je neman abin karyawa." Ya kwatanta wa Yaya: a bar titi wajen wata bishiyar ɗorawa, a bi hanyar shanu, in an ga rafi a sauka.

Yaya ya dube ni, na dube shi. Ɗazu muka wuce mararrabar da gudu. Ya naɗe rigar Baba ya cusa a gaban rigarsa, muka yi wa direban godiya a tsaitsaye, ya bi mu da addu'a.

Komawar ta fi zuwan tsawo a wajena. Na daina kallon gefen titi, sai lissafin da ba na so yake ta zuwa: tun hantsi yake can, ba riga, ba ruwa, bai karya ba, ga rafi. Na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina farawa ban ƙarasa ba in kama wata. Muka sami ɗorawar, muka bi hanyar shanu har yashi ya fara kama taya, muka jingine babur muka ci gaba da ƙafa. Takalmin makaranta ne a ƙafata, na cire na riƙe a hannu.

Gonar an sare ta tas. Sai kututture da busasshen ganye, da sawun tayar mota. Ba kowa. Yaya ya haɗa hannu a baki ya yi kira, "Baba! Baba!" Ni kuwa rafin na nufa, ina so in duba ina tsoron dubawa. Ruwan ya ja baya, iya gwiwa ne, amma na bi gaɓarsa ina leƙa kowane lungu na ciyawa.

"Wa kuke nema?"

Wata mata ce a tsallaken rafin, da ɗaurin ganyen rake a ka, da 'yar sarƙar gicciye a wuya. Duk da halin da nake, sai da muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi rana, na amsa ina haɗiye sauran maganar. Sannan na kwatanta mata shi.

"Tsohon nan mai singileti? Yana wajenmu tun ɗazu. Ku tsallako ta nan, akwai duwatsu."

Ban bi duwatsun ba, ta cikin ruwa na ratsa.

Gidansu yana bayan wasu bishiyoyin mangwaro. Tun kafin mu isa na ji ƙamshin ruwan rake da ake dafawa. A gefen gidan akwai rumfa, da injin matse rake, da wani babban kasko a kan murhun ƙasa, hayaƙi yana tashi. Mazarƙwaila suke yi. Baba yana tsaye a bakin kaskon, daga shi sai singileti da wando da hularsa, riƙe da ludayi mai dogon hannu, yana kwashe kumfa yana watsarwa gefe. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan.

Mu mun taso mun san Baba tela ne. Inna ta taɓa cewa ya yi aikin mazarƙwaila da ƙuruciya, zamanin da doki ke juya injin, amma ban taɓa ganin ya riƙe ludayin ba.

Ya ɗago ya gan mu, ya yi murmushin da yake yi wa baƙi.

"Sannunku da zuwa. Daga ina?"

"Baba, mu ne," in ji Yaya.

"To, madalla. Ku sami wuri ku zauna, ba ta nuna ba tukuna."

Maigidan, wani mutum mai furfura a gemu wanda bai kai Baba shekaru ba, ya ja mu gefe. Ya ce da safe ya gan shi cikin masu lodi yana gyara musu ɗauri, kowa ya zaci ɗan'uwan mai gonar ne. Da mota ta tafi aka watse, ya ga tsoho shi kaɗai yana juyi a gona, sai ya kira shi ya sha ruwa. Ya tambaye shi gida, Baba ya ambaci wata unguwa da ba wanda ya sani. Ya ci tuwo, ya yi sallar azahar a kan buhun da suka shimfiɗa masa, su suka nuna masa gabas. Daga nan ya ga kasko, ya karɓe ludayi daga hannun maigidan, ya ce wutar ta yi yawa.

"Kuma gaskiyarsa ne, ta yi yawa," in ji maigidan. "Na aika wa mai unguwa. Da ba ku zo ba, da yamma zan kai shi can."

Yaya ya je ya kama hannun Baba. "Baba, mu tafi gida, Inna tana jira."

Baba ya fizge hannunsa, fuskarsa ta ɗaure. "Kai wane irin mutum ne? A bar ta a kan wuta?"

"Ku bar shi ya sauke wannan," maigidan ya ce a hankali. "Saura kaɗan."

Na kira Inna. Da na ce mun gan shi lafiya, sai na ji ta ajiye wayar a kan wani abu, ina jin muryoyin mata suna hamdala daga nesa. Matar gidan ta kawo mini kujera 'yar tsugunne da ruwa a kwano. Na zauna, amma jikina bai san an gama ba. Ƙafata tana ta kaɗawa, hannuna yana ta komawa kan waya, har na kama kaina ina shirin buga tail, alhali ga mutumin a gabana, ga wayarsa a mace a jakata. Na miƙe, na zagaya rumfar, na dawo na zauna. Yaya ya tsuguna wajen injin matsewar yana duba bel ɗinsa, don shi ma ya rasa inda zai sa hannunsa.

Ruwan ya yi kauri, ya koma ja, yana fitar da manyan ƙwai masu fashewa a hankali. Baba ya ɗiga kaɗan a kwanon ruwa, ya murza da yatsa, ya ce, "Yauwa." Shi da maigidan suka juye, aka zuzzuba a ƙananan kwanoni aka jera a inuwa. Ya kankaro wadda ta daskare a bakin ludayi ya miƙo mini, ya ce in ɗanɗana in gaya wa mutanen garinmu. Na sa a baki, da zafinta. Sai ya shafa ƙirjinsa, ya duba hagu da dama.

"Ina rigata?"

Yaya ya zaro ta ya warware, ya sa masa. Baba ya tsaya ya dube shi da kyau, ya ce, "Kai ne? Wa ka bar wa shago?" Yaya ya juya baya yana goge fuska da hula.

Godiyar da muka yi ta yi tsawo, su kuma suna ta cewa ba komai, ai uba na kowa ne. Suka ƙulle mana mazarƙwaila a leda, muka ƙi, suka rataya ta a hannun babur. Yaya ya ɗauki Baba, ni maigidan ya kai ni bakin titi na sami ɗan acaɓa. Muka bi bayansu har Makarfi, ina ta ce masa kada ya bari su yi nisa.

Washegari Yaya ya zo da sabon kwaɗo, ya ce a riƙa kulle ƙofar zaure. Muka yi ta musu a tsakar gida, shi yana cewa jiya sa'a muka ci, ni ina cewa a ƙara waya ta biyu. Inna ta bar mu muka gaji, sannan ta karɓi kwaɗon ta ce mijinta ba akuya ba ne, ta je ta maƙala shi a ƙofar akurkin kaji. Da rana ta zauna a keken ɗinkin Baba, ta yi wa duk wandunansa aljihu ta ciki, mai maɓalli. Cajin wayar ya zama aikina, kullum in biya in duba kafin in wuce makaranta. Baba ya sake fita bayan haka, ba sau ɗaya ba, amma bai ƙara barin gari ba. Ni dai na daɗe ban iya gama darasi ban leƙa fayil ɗin ba, har shugaban makaranta ya yi mini magana.

Bayan 'yan makonni injin mutanen Gubuchi ya lalace, maigidan ya kira Yaya, don sun karɓi lambar juna. Yaya ya ce zai tafi da Baba ya sake riƙe ludayi, ko zai ji daɗi. Inna ta sa masa wankakkiyar riga, ni ma na bi su. Muka isa, ga rumfa, ga kasko a kan wuta, matar gidan ta fito da murna tana yi masa sannu da zuwa. Baba ya dube ta, ya dubi kaskon, ya ƙanƙame rigar Yaya ya ƙi sauka daga babur. Maigidan ya kawo ludayin ya miƙa masa, ya kau da kai.

"Hayaƙi ya yi yawa a nan," in ji shi. "Ku kai ni gida."

Yaya ya ba su haƙuri, ya ce zai dawo shi kaɗai da yamma ya duba injin. Ya juya babur muka kama hanya.